Sarkin da Ya Ji Magana Ɗaya: Sharhi a kan Shaihu Umar, Littafi da Fim

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Oil Mill ta Fatakwal ranar Laraba, ko ya kwana a unguwannin Hausawa na Anacha da Inugu, ya san cewa baƙunta ba tatsuniya ba ce a wurin Bahaushe. Mutum ya baro uwa da uba, ya zauna cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba, mutuncinsa kuwa yana hannun wanda aka naɗa Sarkin Hausawa. Da idon irin waɗannan baƙi muke son mu sake duban Shaihu Umar, domin a ganinmu an daɗe ana karanta shi ta fuska guda kawai.

Littafin da Fim Ɗin

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne yana malamin makaranta, don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Bayan an daɗe ba a jin ɗuriyarsa, an gyara fim ɗin, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin ta Jamus a 2018.

Jigo

Akasarin masu nazari sun tafi a kan cewa jigon littafin haƙuri ne. Ba mu musa ba. An sace Umar yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya yi karatu har ya zama shaihi, ya dawo ya zauna a Rauta yana koyar da almajirai. To, amma wa ya kunna wutar? Sarki ne. Fadawa masu hassada suka kai sukar Makau, mijin uwar Umar, sarki ya gaskata su, ya kore shi daga gari. Daga wannan hukunci gida ya watse, yaro ya faɗa hannun ɓarawo, uwa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Da ƙyar ta sake ganin ɗanta, ba ta kuma daɗe ba ta rasu. Ashe haƙurin da muke yabo, bashin wani ne talakawa suka biya.

Salo

A nan ne littafi da fim suka rabu. A littafin komai daga bakin Umar yake fitowa, dattijon da ya riga ya yafe, yana ba almajiransa labari cikin natsuwa. Wannan murya tana da daɗi, amma tana sanyaya abin da ya kamata ya ƙona mu. Cinikin bayi yakan wuce tamkar ruwan sama ko fari, abin da aka ƙaddaro, ba abin da mutane suka aikata ba, kuma wannan shi ne babban raunin littafin. Fim kuwa ba ya iya ɓoye fuska. Abin da marubuci ya gama da shi a jimla guda, dole mai kallo ya zauna ya gan shi da idonsa. Saboda haka muke ganin mai karatu yakan tashi yana sha'awar Umar, mai kallo kuwa yakan tashi yana tambayar wanda ya jawo.

Darasin Shugabanci

Wanda ya rubuta labarin wannan sarki shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, ya riƙe muƙamin har aka kashe shi a watan Janairun 1966. Ke nan tun yana saurayi ya fahimci cewa kunnen shugaba ya fi takobinsa haɗari. Wannan darasi ya fi nauyi a zango, inda jita-jita guda kan iya tayar da kasuwa, inda kuma korar mutum ɗaya daga rumfa kan yanke abincin gida guda a Katsina ko Maraɗi. Inugu ma ta taɓa nuna ɗaya fuskar: a shekarun 1950 ta zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinta na farko. Baƙo kan zama jigo idan an auna shi da aikinsa, ba da abin da aka raɗa a kansa ba.

Kammalawa

Shawararmu ga ɗalibai ita ce a karanta littafin, a nemi fim ɗin, a kuma daina tsayawa a kan haƙurin Umar kaɗai. Yawancinmu ba za mu zama shaihunai ba, amma da wuya a sami wanda ba za a taɓa kawo masa ƙarar wani ba, ko a ofis, ko a aji, ko a gida. Ranar da aka kawo, a tuna da Makau, a aika a kira wanda ake ƙara.