Jinjina Ga Malaman Halittun Ruwa

Manomin Yankara da ke zuba takin zamani a gindin masararsa da damina, alhali teku na can nesa da shi tafiyar ɗaruruwan mil, da wuya ya kawo a ransa cewa abin da ruwan sama ya wanke daga gonarsa yana iya gangarawa Gulbin Sakkwato, wanda mafarinsa ke wajen Funtua, ya faɗa Kwara, ya ratsa Kainji, har ya sadu da Tekun Atlantika. Waɗanda suka yi ijtihadin bin diddigin wannan tafiya su ne malaman halittun ruwa, kuma haƙiƙa sun cancanci jinjina, domin aikinsu na haƙuri ne, ba ya tara 'yan kallo.

Su ne suka kafa hujja cewa idan sinadaran taki suka yawaita a ruwa, gansakuka kan bunƙasa fiye da ƙima, in ta mutu ta nitse, ƙananan halittu su ruɓar da ita, su shanye iskar da kifi ke shaƙa, sai mizanin da Allah Ya daidaita tsakanin maciyi da abin cinsa ya karkace. Kifi ya yi hijira, kaguwa da sauran marasa saurin gudu su halaka.

Malama Nancy Rabalais ta Amurka tun 1985 take auna wannan fasadi a Tekun Meziko, inda Kogin Misisipi ke zuba, kuma a 2017 mataccen yankin da fasadin ya haifar ya haura murabba'in kilomita 22,000. A gida kuwa, cibiyar binciken kifi ta New Bussa, wadda aka aza harsashinta a 1968, ita ke nazarin ruwan Kainji da kifayen da masunta suka dogara a kansu.