Grim Fandango: Abin da wasa ya ɗauko daga bikin matattu na Meziko da abin da ya baro

A shekarar 1998 kamfanin LucasArts na Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Grim Fandango, wanda Tim Schafer ya tsara, aka kuma sabunta shi a 2015 har ya shiga wayoyin salula. Wasan ya samo tushe daga bikin tunawa da matattu na ƙasar Meziko, wanda ake yi ranakun 1 da 2 ga watan Nuwamba. Tun da salula ta isa hannun matasa a Tasawa da Mayahi har zuwa Cake, ya dace malamai su san irin siffar mutuwa da irin waɗannan wasanni ke nunawa.

Tauraron labarin shi ne Manny Calavera, wani ƙwarangwal ma'aikacin ofishin da ke ba rayuka tikitin tafiya makoma. Mai aikin kirki yana samun jirgin ƙasa mai lamba 9, wanda ke kai shi cikin minti huɗu. Wanda ba shi da alheri kuwa sai ya taka sayyada shekara huɗu. Manny ya gano cewa wani azzalumi, Hector LeMans, yana sace tikitin mutanen kirki yana sayar wa masu hali, kuma cikin waɗanda aka zalunta har da wata baiwar Allah, Mercedes Colomar.

Wasan ya cancanci yabo ta fuska biyu. Na farko, tafiyar shekara huɗu ta fito ne daga imanin Aztekawa game da Mictlan, mazaunin matattu mai hawa tara, kuma tambayar da ke ƙarƙashin labarin mai nauyi ce: shin kuɗi na iya sayen makoma? Na biyu, abubuwan da ɗan wasa ke nema suna da aiki cikin labarin. Wannan ya bambanta shi da wasannin neman ɓoyayyun kaya da suka yi yawa bayan fitowar Mystery Case Files a 2005, inda ake ba mutum jerin sunaye ya lalubo su cikin hoto. Idan aka ɗora wannan tsari a kan bikin matattu, kyandir da burodi da hoton mamaci sukan koma kayan tara maki.

Sai dai Grim Fandango ma ya baro zuciyar bikin. A Meziko, rayayyu ne masu aikin: su share kaburbura, su shirya teburin da suke kira ofrenda, su aza masa ruwa da abincin da mamaci ke so, su shimfiɗa furen cempasúchil mai ruwan ɗorawa don ya nuna masa hanyar gida. Wannan zumunci ne UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam a 2008. A cikin wasan kuwa, sau ɗaya ake leƙa duniyar rayayyu, fure ya zama makamin kisa, tufafi da salon magana kuma na finafinan Hollywood ne irin su Casablanca na 1942. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Bahaushe zai gane wannan giɓi da sauri, domin shi ma a wurin rayayyu yake ajiye tunawa: zaman makoki da ta'aziyya, takabar wata huɗu da kwana goma, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ko da yake malamai sun saɓa a kansu, da kuma mayar wa jariri sunan kakansa a riƙa kiran shi Abba ko Baba don sakayawa. Babu kwalliyar ƙwarangwal a nan, amma haƙƙin mamaci a kan danginsa yana nan.

Batun ya wuce nishaɗi. A 2013 kamfanin Disney ya nemi mallakar sunan bikin a matsayin alamar kasuwanci, ya janye bayan ƙorafin jama'a. Fim ɗin Spectre na 2015 ya ƙirƙiri jerin gwanon ƙwarangwal a birnin Meziko, hukumomin birnin kuma suka fara yin sa da gaske a 2016. Ke nan hoton da baƙo ya zana yana iya dawowa ya sake wa al'ada kama.

Malamin Hausa ko na Faransanci zai iya gabatar da wasan a aji, sa'an nan ya tura ɗalibai wurin tsofaffin unguwa su rubuto yadda ake makoki a garinsu, a kwatanta. Ƙungiyoyin al'adu kuma su adana waɗannan rubuce-rubuce, domin ranar da wani kamfani zai waiwayi buɗin daji ko bori ya mayar da su wasa, ya tarar masu abin sun riga shi faɗin labarinsu.