Jinjina ga makaɗan fiyano

Kiɗan fiyano shi ne sunan da Hausawa suka laƙaba wa kiɗan da ake haɗawa da na'ura mai ɗauke da sautukan kayan kiɗa iri-iri a cikinta. Tushen fasahar na waje ne. A shekarar 1979 aka ƙera Fairlight CMI a Ostareliya, na'urar da ke naɗar sautin goge ko kakakin Turawa ta maimaita shi duk lokacin da aka danna maɓalli. Daga baya kamfanonin Japan irin su Yamaha da Korg suka fito da masu rahusa.

A Kano, cikin shekarun 1990, ɗakunan kiɗa irin na Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha PSR. Sautukan cikinta ba don Bahaushe aka shirya su ba. Makaɗin kan zauna yana lalube har ya gano wanda ya yi kama da sarewa, da wanda in an rage kaifinsa zai tsaya a madadin kalangu. Aiki ne na kunne da haƙuri, kuma yawancin makaɗan a gefen wani gwani suka koya, ba a aji ba. Waƙoƙin fim ɗin Sangaya na 1999 sun nuna iyakar gwanintarsu.

Yanzu an kwashe tsofaffin sautukan zuwa kwamfuta, ana haɗa su a manhajar FL Studio. Har a Kaoje, can bakin iyakar Benin, waƙoƙin da ake sakawa a bukukuwan aure suna ɗauke da su, ko da yake mawaƙi ake ambata, sunan makaɗi ba kasafai yake fitowa ba.