Ƙuduri Daban, Doka Daban

Jama'a, ga wani kuskure da ya zama ruwan dare a labaran rediyo. Da zarar kansiloli sun yi wa ƙuduri karatu na farko, sai ka ji an ce "an kafa doka." Ina! Ai da sauran rina a kaba. Sai ya tsallake karatu na biyu, kwamiti ya tace shi, a yi karatu na uku, sannan shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu. Kafin nan, sunansa "ƙudurin doka."

Illar kuwa, ɗan kasuwa na jin "doka" kan sabon haraji sai ya saduda, alhali lokacin kai wa kansilansa koke bai wuce ba. 'Yan jarida, don Allah a riƙa bambancewa.