Ajiye Albashi Don Riƙe Alƙalami: Nazari Kan Sana'ar Zane a Ƙasar Auyo

A ƙasar Auyo da kewayen Haɗejiya, idan aka ji malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma zai ajiye aiki ya koma zane, abin da dangi ke fara tambaya shi ne: da me za ka ci da iyali? Tambayar tana kan hanya. Albashi ko ya yi kaɗan yana zuwa ƙarshen wata, mai zane kuwa sai an nema. Amma tarihin sana'ar ya nuna cewa akwai mafita, kuma tana hannun wanda ya iya mayar da zane ɗaya ya zama ɗari.

Zane ba baƙo ba ne a wannan yanki. Duk wanda ya halarci saukar Alƙur'ani ya ga allon zayyana. Mai zayyana yakan feƙe alƙalamin kara, ya dama tawada da ƙaro, ya ja layukan gefe, sannan ya bi gida-gida yana cikewa da ja da rawaya da kore. Aikin kwanaki ne, ga cin ido, amma allo ɗaya ne na mutum ɗaya. Idan an biya ladan, shi ke nan sai wata saukar. Haka abin yake ga masu rubuta allon shago da masu zanen jikin manyan motoci, waɗanda injin buga fasta na kwamfuta ya riga ya rage musu kasuwa.

Sharif Bala Gabari na Kano ya nuna wata hanya. Ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, aka kai maɗaba'a aka buga, rubutun nasa ya shiga kasuwanni da tsangayu har inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Hannu ɗaya ne ya yi aikin, ɗab'i ya yaɗa shi.

Misali na biyu daga Zariya ya faro. Bruce Onobrakpeya yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Bayan karatu ya koyar a kwalejin St. Gregory da ke Legas daga 1963, yana yi wa littattafai zane a gefe, har da na Chinua Achebe da Cyprian Ekwensi. Bai bar aji ba sai wajen 1980, lokacin da ya riga ya ƙware wajen sassaƙa hoto a faranti, ya shafa tawada, ya danna a takarda, ya fitar da kwafi da yawa daga aiki guda. Darasin a fili yake: sai da ya gina kasuwa kafin ya saki albashi.

Matashin Auyo ba ya buƙatar babban inji kafin ya fara. Ƙyallen siliki da aka ɗaure tam a firam ɗin katako, da roba mai jan fenti, sun isa a buga tambarin makaranta a riguna ko sunan mai casar shinkafa a buhu. Wannan ne abincin yau da kullum. Sai dai idan ya tsaya nan, ya zama ɗan kwangila kawai.

Abin da zai ɗaga shi shi ne abin da idonsa ke gani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejiya ta sauya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya kuma ta sha cinye gonaki da gidaje a Auyo, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Masunta a kwalekwale, da manoman rani a fadama, da mata masu turara shinkafa, duk suna jiran wanda zai zana su daga cikin gida. Littattafan firamare na Hausa ma suna ƙishin hotunan da yaro zai gane garinsu a ciki.

Don haka, ga mai niyyar ajiye aiki: ka koyi ɗab'i tun kana karɓar albashi, ka tara masu saye, ka riƙe asalin zanenka kada ka sayar da shi tare da kwafi. Iyaye kuma su daina kallon zane a matsayin wasan yara. Hukumomin ilimi na Jigawa su riƙa ba 'yan gida aikin hotunan littattafai, domin sana'ar da ake sayen kayanta a gida ita ce ke riƙe mai ita.