Masaukin Masu Fasaha a Karkara: Baƙo Ya Ƙaru, Mai Gida Fa?

Duk wanda ya taɓa zama domin rubuta littafi a cikin birni ya san irin daƙilewar da alƙalami kan yi. Ga neman abin sakawa a bakin salati, ga biki da suna da ta'aziyya, ga baƙin da ba a iya korarsu. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro masaukin masu fasaha, watau gidan da ake saukar da marubuci ko mai zane ko mawaƙi na 'yan makonni, a ɗauke masa nauyin ci da makwanci, ya fuskanci aikinsa kawai. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne MacDowell, wanda aka kafa a wata gona a Amurka a 1907. Mu ma mun taɓa ganin amfanin irin wannan keɓewa, domin a 1936 aka ɗauke Abubakar Imam daga koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya na wasu watanni, inda ya rubuta Magana Jari Ce.

Saboda haka ba amfanin da baƙo kan samu nake tababa a kai ba. Abin da wannan sharhi yake son dubawa shi ne rabon mai gida. Yawancin waɗannan masaukai a karkara ake kafa su, don shiru da arha da kyawun gani. To amma karkara ba fili ba ne kawai, akwai mutane a cikinta, kuma a ganina ba a gama auna masauki ba sai an tambayi abin da ya bar wa mutanen nan bayan baƙo ya naɗe tabarmarsa.

Mu fara da na gida. A 2010 Dakta Wale Okediran, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ya kafa masaukin Ebedi a Iseyin ta Jihar Oyo, garin da ya yi suna wajen saƙar aso-oke. An tsara shi ne yadda marubuci zai yi kimanin mako shida yana aikinsa, amma da sharaɗin ya ware wani lokaci ya koyar da ɗaliban makarantun sakandaren garin. Wannan sharaɗi shi ne abin yabo a tsarin, domin ya tabbatar da cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Yaron da bai taɓa ganin marubuci ido da ido ba, ga shi zaune da shi yana gyara masa jimla. Sai dai kuma zuwa aji hanya ɗaya ce: baƙo ne malami, ɗan gari ne ɗalibi. Tambayata ita ce, ina matsayin masaƙin da ya gaji sana'arsa kaka da kakanni? Shi ma ai mai fasaha ne, kuma marubuci na da abin koyo a wurinsa game da haƙuri da tsari.

Misali na biyu yana ƙasar Senegal. A 2015 aka buɗe masaukin Thread a ƙauyen Sinthian da ke yankin Tambacounda, da tallafin gidauniyar Josef da Anni Albers ta Amurka. Toshiko Mori ce ta zana ginin, magina na yankin suka gina shi da tubalin ƙasa da gora da ciyawar jinka. An lanƙwasa rufin yadda zai tara ruwan sama ya zuba a matattara, don amfanin jama'a lokacin rani. Bugu da ƙari, wurin ya zama dandalin taro da wasanni da koyon aikin lambu, ɗakunan baƙi kuwa biyu ne kacal. A nan an juya lissafin: ko babu baƙo ko ɗaya, ginin yana yi wa ƙauye aiki. Wannan ya fi kusa da abin da nake nema. Amma ko shi ma yana da raunin da ya kamata a faɗa, wato kuɗin tafiyar da shi daga ƙetare suke zuwa, kuma abin da aka rataya a wuyan mai kyauta yana nan ne muddin hannunsa na buɗe.

Cewa waɗannan wurare suna taimakon marubuci ba abin musu ba ne. Ayobami Adebayo, wadda littafinta Stay With Me ya fito a 2017, ta zauna a Ebedi, ta kuma zauna a Sinthian. Amma littafi da sunan mai shi yake tafiya, ba da sunan ƙauyen da ya ba shi inuwa ba.

Domin a ga inda haɗarin yake, bari mu waiwayi wani abu da ya faru a nan arewa, duk da cewa ba masauki aka kira shi ba. A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Abin lura shi ne ba Cardew ne ya mayar da ita gwana ba. Ta riga ta ƙware a ƙauyensu, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a fadarsa, inda Baturen ya gan su. Haɗuwarsu ta ɗaga sunanta, aka baje kolin aikinta a Landan, daga baya aka sa hotonta a takardar naira 20. To amma randar da aka shafe da sinadarin ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ta yi nauyi, ta daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, ta koma kayan ado na masu kuɗi. Fasaha ta sami kasuwa, matar ƙauye mai ɗebo ruwa ba ta sami randa ba. Darasin biyu ne: gwani yana nan a ƙauye tun kafin baƙo ya iso, kuma abin da baƙo ya ɗauka gyara ne yana iya raba abu da masu shi.

Irin wannan na iya faruwa da rubutu. Marubuci ya zo, ya zauna da tsofaffi ya kwashi tatsuniya da tarihin gari da kirarin mafarauta, ya koma birni ya zuba su cikin harshen da masu labarin ba sa karantawa, ya kuma karɓi kyauta. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mako shida ba su isa a san gari ba, shi ya sa rubutun irin wannan baƙo kan faɗa ɗayan rami biyu: ko dai ya mai da ƙauye aljannar duniya da babu yunwa babu husuma, ko ya mai da shi matattarar jahilci da talauci. Dukansu ƙarya ne, kuma dukansu raini ne.

Idan wata rana wani reshe na ƙungiyarmu ya yi niyyar kafa irin wannan masauki, ina ba da shawara huɗu. Na farko, a sa mutanen gari, maza da mata, cikin masu zaɓen baƙo da tsara zamansa. Na biyu, a ɗauki makaɗi da maƙeri da majemi da mai saƙa a matsayin abokan aiki, a biya su, a rubuta sunayensu. Na uku, kada baƙo ya tafi sai ya karanta wa jama'a abin da ya rubuta cikin harshensu, su yi masa gyara, a kuma ajiye littafin a makarantar garin idan ya fito. Na huɗu, a karɓi takardar neman shiga da Hausa, ko da boko ko da ajami, a kuma yi tanadi domin marubuciya mai goyo, in ba haka ba masaukin zai zama na 'yan gata kaɗai.

Kai kuma matashi mai burin samun gurbi a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, nemi, Allah ya ba da sa'a. Amma in ka isa, ka fara gaida mai gari da limami da tsofaffin mata, ka saurara kafin ka buɗe littafin rubutunka. Ranar da za ka tafi, ka lissafa abin da ka ɗauka da abin da ka bari. Allah ya sa mu dace, amin.