Idon mai rubutun allo

A tsangaya, ko a Kano ko can Basunda ta jihar Gadarif kusa da iyakar Habasha, inda mutanen Sudan ke kiran makarantar allo halwa, akwai abin da ban taɓa gajiya da kallonsa ba: gardi yana rubuta allo daga takarda. Kallo ɗaya zai yi wa shafin, ya ɗauke kai, ya tsoma alƙalami a tawada, ya zuba layi guda cif, da wasali da ɗauri da shadda. A rubutunmu na Warshu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a sama, kuma bai sauya ko ɗaya ba.

Tsakanin kallon da rubutun, a ina layin ya zauna? Masana ƙwaƙwalwa sun ce akwai ɗan ma'aji da ke riƙe abin da ido ya gani na 'yan daƙiƙu. Ƙarami ne ƙwarai. A 1997 Steven Luck da Edward Vogel sun nuna cewa abubuwa kusan huɗu kawai yake ɗauka.

Wannan ma'ajin ne ake ƙoƙarin ƙarfafawa da lantarki. Ana manna 'yan faifai a fatar kai, a saki wuta mai rauni, miliamfiya 1 zuwa 2. A 2019, Robert Reinhart na Jami'ar Boston ya yi wa dattawa masu shekara 60 zuwa 76 haka na minti 25, don daidaita kaɗawar gaban ƙwaƙwalwa da ta gefenta. Sai ga shi suna gane bambancin hotuna kamar 'yan shekara 20 da ɗoriya. Amfanin ya kai aƙalla minti 50. Aiki ne mai kyau, amma na ɗakin bincike.

Shi kuwa gardi bai faɗaɗa ma'ajinsa ba. Kayan da yake zubawa ciki ne suka yi girma. Ƙolo yana ganin baƙi ɗai-ɗai, shi ya sa yake kallon takarda sau goma kafin ya gama kalma biyu. Wanda ya shekara yana wanke allo yana sake rubutawa, kalma gaba ɗayanta yake gani, wani lokacin ma rabin aya, domin tilawa ta riga ta shimfiɗa masa hanya. Gurbi huɗun nan dai su ne, sai dai kowanne ya ɗauki dami maimakon zangarniya.

In ka samu gardi yana rubutu, zauna gefensa ka ƙirga sau nawa yake ɗaga ido a allo guda.